Shekara 15 muna aminci, sai yanzu ta faɗa mini abin da ke ranta

Wasiƙar nan ta fi haka tsawo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan tsangayar da suka yi karatu, da garin ƙawar, da duk abin da zai sa wani ya ce ai wance ce.

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Zariya, 'ya'yana uku. Ina da aminiya tun 2009, a layin rajista muka haɗu a jami'a a Samaru. Shekara biyu gado ɗaya muke kwana a Amina Hall saboda ni ban samu ɗaki ba, risho ɗaya, tukunya ɗaya. Yajin aikin malaman jami'a na 2013 a gidanmu ta yi shi gaba ɗaya, don garinsu babu zaman lafiya a lokacin. Ita ce babbar ƙawa a bikina, ita ta kwana da ni a asibitin Shika da aka yi mini aiki a haihuwar fari. Ta taɓa aure, bai kai shekara biyu ba ya mutu, ba ta taɓa faɗa mini dalili ba. Yanzu tana aikinta a garinsu.

"Watan jiya ta zo Zariya ta sauka a wurina, maigida ya yi tafiya. Da yara suka yi barci sai ta tashi ta tura ƙofa, ta ce akwai abin da ya kusa kashe ta. Ta ce tunda ta girma ba ta taɓa jin sha'awar namiji ba, mata zuciyarta ke karkata gare su, kuma a makaranta ni take so amma ta danne. Ta rantse ba ta taɓa aikata komai da kowa ba, kuma ba wani abu take nema a wurina ba. Ta ce an matsa mata a gida ta sake aure, har an tsayar da wani, ita kuwa ta gwammace mutuwa. Ban ce mata uffan ba. Na ɗauki filo na koma ɗakin yara. Da asuba ta wuce tasha. Ta turo mini saƙon murya uku a WhatsApp, ban buɗe ba.

"Anti, tun ranar ba na barci. Duk abin da muka yi a makaranta ya dawo mini da wata fuska, ji nake kamar shekara 15 ana yaudarata. Kuma ina kewarta, har na fara tsoron kaina. In faɗa wa maigidana? In kira mahaifiyarta a nema mata magani tun kafin auren? Ko in goge lambarta in huta?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa: inda ta tashi ta tura ƙofa. Akwai hadisin Jabir da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa idan mutum ya faɗa maka magana sannan ya waiwaya, to maganar nan amana ce. Waiwaye kawai, ko bai ce kada ka faɗa wa kowa ba. Ita kuwa jira ta yi yara suka yi barci, ta rufe ƙofa, sannan ta buɗe baki. Don haka tun kafin mu yi nisa, biyu daga cikin tambayoyinki uku sun samu amsa. Kada ki kira mahaifiyarta. Kada ki faɗa wa maigidanki. Na san kin so a nuna miki wanda za ki sauke wa kayan nan, don sun yi miki nauyi, amma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Bari in gaya miki abin da zai biyo bayan kiran mahaifiyarta. Uwa ba za ta iya riƙewa ita kaɗai ba, hankalinta zai tashi, ta kira ƙanwarta. Ƙanwar ta ce a faɗa wa kawu tunda shi ne babba. Kawu ya nemi malami, matar kawu na bayan labule tana ji. Kafin Juma'a biyu, maganar da aka yi a ɗakinki da murya ƙasa-ƙasa ta koma "wance 'yar maɗigo ce", kuma babu mai tsayawa ya ƙara da cewa ai ba ta aikata komai ba, don wannan ɓangaren ba ya daɗin bayarwa. Tambayar da za ta biyo baya ita ce, da wa? Su wa suka yi shekara biyu a gado ɗaya? Magana zarar bunu ce, kuma wannan bunun daga rufin ɗakinki za a zare shi.

Shekarun baya na koyar a wata makarantar kwana ta 'yanmata. Aka tsinci wata takarda a ƙarƙashin katifar wata 'yar aji biyar, ta rubuta wa wata 'yar ajinsu, ba ta ma kai ga ba ta ba. Wadda ta tsinta ta kai wa shugabar ɗalibai, da niyyar gyara in ji ta. Da magariba sai muka ji dukan bokitai da cokula daga ɗakunan kwana, ana yi mata waƙa. A bayan wurin wanki na same ta, tsugune, ta cusa kai cikin hijabi, ƙafa ɗaya babu takalmi. Washegari mahaifinta ya zo ya ɗauke ta, ko sallama bai yi wa kowa ba, saura shekara ɗaya ta yi jarrabawar fita. Ba ta koma wata makaranta ba. Daga baya wadda ta kai takardar ta same ni tana kuka, tana cewa Malama wallahi ban san haka za ta kasance ba. Na yarda da ita. Har yau in na ji ana dukan bokiti sai gabana ya faɗi.

Wannan tsakanin yara ke nan. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga ƙungiyoyi ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a, ga kuma dokokin shari'a a jihohin Arewa 12. Dukkansu a kan aiki suke magana, babu wadda ta ce a kama mutum saboda abin da ke cikin ƙirjinsa. Amma taron jama'a ba ya karanta doka. A cikin wannan watan na Janairun 2014 mutane suka yi wa wata kotu ruwan duwatsu a Bauchi, suna neman a gaggauta kashe waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai gama sauraro ba. Bazawara mai aiki da aka liƙa wa wannan suna tana iya rasa aikinta da danginta da kwanciyar hankalin fita ƙofar gida, duk a mako guda.

Ba fatawa kika nema a wurina ba, ni ma ba mai bayarwa ba ce. Abin da malamai suka ce game da aikata maɗigo kin sani, ita ma ta sani, shi ya sa ta yi kusan shekara 20 tana dakon abin nan ita kaɗai. Damuwa ta kawo miki, ba labarin wani aiki ba. Kuma ko da aiki ne, duba yadda aka koya mana. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan cikin birnin nan, akwai maganar Hazzal, wanda ya sa Ma'izu ya je ya faɗi laifinsa. Annabi (SAW) ya ce wa Hazzal, da ka rufe shi da mayafinka da ya fi maka alheri. Wancan laifi ne da aka aikata, mai shi ya amsa da bakinsa. To ina ga wadda ta rantse miki ba ta taɓa kowa ba? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigi da cin naman ɗan'uwa. Da yawa suna ɗauka tonon asiri shi ne kishin addini, ni ban ga haka a abin da na karanta ba.

Sai batun magani. Wane magani, a wurin wa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990, kuma babu ƙwaya ko allurar da likitan gaskiya zai rubuta ya ce tana juya zuciya. Abin da ake kira magani a gidajenmu idan irin wannan magana ta fito kin san shi: a ce aljani ne ya aure ta, a kulle ɗaki, a turara, a yi ta dukan aljanin a jikinta, a kwashe kuɗin uwa, in an gaji a ɗaura mata aure a ce namiji zai gyara ta. An riga an gwada auren sau ɗaya, kin ga yadda ya ƙare. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yansanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Addu'a daban ce. Ki yi mata, ita ma ta yi wa kanta. Addu'a ba ta buƙatar a tara dangi.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda ke kika wuce shi a layi ɗaya. Ta ce ta gwammace mutuwa. Mun saba da irin wannan furuci, mukan ce faɗa ce kawai. Amma ki haɗa lissafin: mace ta ɓoye abu shekara da shekaru, an tsayar mata da miji, ta tattaro duk ƙarfin halinta ta faɗa wa mutum ɗaya tak a duniya, mutumin ya ɗauki filo ya fita, yau wata guda shiru. Wallahi ban zarge ki ba. Abin ya zo miki babu shiri, kuma shiru ya fi wata maganar da mutum zai yi cikin firgici. Sai dai shirun ya isa haka. Ita a can abu biyu take ta juyawa, ko kin tsane ta, ko kin riga kin faɗa. Duk ƙarar wayarta gabanta faɗuwa yake, duk kiran da mahaifiyarta ta ƙwala mata daga tsakar gida sai ta ce shi ke nan.

Ki kira ta, ki tambaye ta ba kwana-kwana: kina tunanin kashe kanki? Tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ta ce e, ko ta yi shiru mai tsawo, to a nan dole ki sa wani a ciki, amma ko a nan ba sirrin za ki fitar ba. Ki ce wa wanda ya fi kusa da ita a gidan, wance tana cikin matsananciyar damuwa saboda auren nan, kada a bar ta ita kaɗai, a ɗaga maganar. Gaskiya ce, kuma ta wadatar. Ki taimaka mata ta ga likitan ƙwaƙwalwa. In ba ta son a gan ta a garinsu, akwai sashen a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin Barnawa a Kaduna. Don rashin barci da baƙin ciki za ta je, su ne ake yi wa magani. Abin da za ta faɗa wa likita da abin da za ta riƙe, ita za ta zaɓa.

Mu dawo kanki. Kin ce ji kike kamar shekara 15 ana yaudararki. A cikin abin da na taƙaita kin ambaci kitson da takan yi miki ranar Lahadi, da daren hunturu a Samaru da kuka haɗa bargo biyu kuka lulluɓa. Kina kwance kina tambayar kanki, ashe a lokacin me ke ranta? Ciwo ne na gaske, kada wani ya ce miki ba komai ba ne. Gidan da kika ɗauka kin san kowane lungunsa, sai ga wani ɗaki da ba ki taɓa sanin akwai shi ba.

Amma ki yi wa shekarun nan adalci. Mayaudari yana ɓoye abu ne don ya ci riba. Ita me ta ci? Shekara biyu a gadon ƙarfe na ɗalibai, wanda mutum ɗaya ma da ƙyar yake juyi, ke da bakinki ba ki ce ta taɓa yin abin da ya sa kika tsargu ba. Daga Yuli har Disamban 2013 tana gidanku, tana tuƙa tuwo da mahaifiyarki. Ta tsaya a bikinki ta raba anko, ta riƙe miki jaka, ta raka ki gidan mijinki, ta juyo ta bar ki a can. Ki zauna ki auna abin da wannan rana ta ci mata, kuma ba ki gani a fuskarta ba. Daren Shika kuwa, kina kwance da ɗinki ba ki iya tashi, wadda ta miƙo miki jariri ki shayar, ta wanke miki zani, ta kwana zaune a kujera, ba sha'awa ce ta kai ta ba. Babu sha'awa a ɗakin masu jego da ƙarfe uku na dare. Zuciya ɗaya takan ɗauki abu biyu: son da ba shi da mafita, da ƙaunar 'yan'uwantaka. Na farkon ta ɗaure shi ta zauna a kai. Na biyun shi ta yi ta aiki da shi duk tsawon shekarun nan, shi kika gani, kuma babu ƙarya a cikinsa.

Wata za ta ce to me ya sa ta faɗa yanzu, da ta bar shi a cikinta mana. Ni ma ina ganin akwai inda ta ɗora miki fiye da kima. Da ta tsaya a kan damuwarta, ba sai ta ce ke ce ba. Wannan kalmar ita ta hana ki barci, kuma wata rana in ƙura ta lafa za ki iya faɗa mata haka. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ranar aure na matsowa, ta duba gabas da yamma, ke kaɗai ta gani.

Tsoron kanki kuwa, ki kwantar da hankali. Kewa ba hujjar komai ba ce. Kakanninmu mata a ƙasar Zazzau sun ɗauki ƙawance da nauyi fiye da mu. Mace takan ƙulla ƙawa tun suna 'yanmata, su yi ta biki a tsakaninsu, in ta kawo miki a sunanki ki ninka mata a nata, har tsufa. Aure ya mutu, a sake wani, a canja gari, ƙawa tana nan. Yanzu ne muka shigo zamanin da 'yanmata biyu ba za su riƙe hannu a kasuwar Samaru ba sai an bi su da wani kallo, kuma mu muka yi asara. In kin zauna da kanki kin ga akwai abin da ya wuce kewa, wannan wata wasiƙar ce, ki rubuto, ba za ki sha tsawa a wurina ba. A wadda ke gabana dai, abin da na gani shi ne mace ta rasa wadda take kira idan yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare.

Maigidanki. Na san an raine mu a kan cewa mace ta gari ba ta ɓoye wa mijinta komai. Abin da ya shafi haƙƙinsa haka ne: dukiyarsa, shimfiɗarsa, 'ya'yansa, mutuncin gidansa. Wannan ba ya cikinsu. Ba ki yi komai ba, ba a yi miki komai ba, ajiyar wata baiwar Allah ce a hannunki. In kin faɗa masa, ko shi mutumin kirki ne, kin dasa masa abin da ba zai iya cirewa ba. Zai koma ya riƙa lissafin duk zuwan da ta yi yana tafiya, ya riƙa zarginki a ransa ko bai furta ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma kada ki yi masa ƙarya. In ya ga kin rame, ko ya tambayi me ya haɗa ki da wance, ki ce wata damuwarta ta gaya mini, amana ce, a taya ta da addu'a. Namiji mai hankali zai tsaya a nan, don ya san nasa sirrin ma haka kike riƙe shi.

Auren da aka tsayar shi ne inda za ki yi mata amfani na gaske. Mutumin nan shi ma ɗan wasu ne, ya zo da zuciya ɗaya, bai cancanci a kai masa matar da za ta riƙa kwana kuka ba. Sai dai ba ke za ki je ki same shi ba. Ita za ta ce a'a, kuma addini ya ba ta wannan dama. Bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta, hadisi ne a Muslim, a Muwaɗɗa ma yana nan. Khansa'u bint Khidham mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, ta kai kuka wurin Annabi (SAW), ya warware auren, Bukhari ya kawo shi. "Ban amince ba" ta ishe ta, ba sai ta zayyana dalili ba. Hujja tana da ita. Abin da ta rasa shi ne mai tsaya mata lokacin da gwaggo ta fara kuka, kawu ya fara cewa zai cire hannunsa a kanta. Ki taya ta tunanin wani babba guda mai sanyin hali a danginsu, ko malamin da gidan ke jin maganarsa, ya shiga tsakani. Mahaifiyarki ma, wadda ta riƙe ta wata biyar da 'yan kwanaki, za ta iya kiran tata uwa da uwa ta ce a bar yarinyar nan ta huta, ba tare da ta san komai ba bayan cewa ba ta son auren. Ki kuma ja hankalinta ta riƙe aikinta gam, ta yi tanadi. Mai albashinta ta fi iya cewa a'a.

Tambayarki ta uku, goge lamba. Ba zan ce miki dole ku koma yadda kuke ba, ƙila ma ba za ku koma ba. Ke matar aure ce, kina da damar ja mata layi: in ta zo ɗakinta daban, ko ta zo lokacin da maigida yana gari, kuma maganar so ba za a sake tayar da ita ba. Ki faɗa sau ɗaya, a fili, babu zagi babu wa'azi. Barin ta cikin duhu shi ya fi cutarwa, gare ki da gare ta. In ta kiyaye, kin tsira da aminiyar da irinta ba a samu sau biyu. In ta ƙetare, ki ja baya, a lokacin ba wanda zai ga laifinki. Amma ko kun rabu har abada, ajiyar tana nan a wuyanki, mutuwar ƙawance ba ta halatta ta. A zauren WhatsApp na 'yan ajinku, duk wadda ta ce ina mutuniyarki, ki ce tana nan lafiya, ki wuce. Ban da habaici, ban da "ku dai bari kawai", don daga irin wannan ake fara tono.

Saƙonnin nan uku da ke wayarki, ki saurare su ke kaɗai, sannan ki goge, ki ce ita ma ta goge nata. Wayar uwa a gidan yara uku ba ma'ajiya ba ce, ƙaramin yana neman abin wasa zai danna, murya ta tashi a tsakiyar falo. Kada ku sake yin maganar a rubuce ko a saƙon murya. Ki bari yara su tafi Islamiyya, ki kira. Ba sai kin shirya dogon jawabi ba. Ki ce mata: "Na ji abin da kika faɗa. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Abin da kika ce game da ni babu shi a wajena, kada mu sake tayar da shi. Firgita na yi shi ya sa na yi shiru, ki yafe mini daren nan. Yanzu faɗa mini, kina cin abinci? Yaushe suka sa ranar?" Daga nan ki yi shiru ki bar ta, ko da kuka kaɗai za ki yi ta ji a wayar har yara su dawo.